'Yan siyasa sun yanka wa shari'arsu wa'adi, ta 'yan kasuwa fa?

Akwai wani injin casar shinkafa a ƙasarmu ta Bagudo da na daɗe ina wucewa ta gabansa idan zan je Tsamiya. Kwaɗon ƙofarsa ya yi tsatsa, ciyawa ta rufe dandamalin da ake shanya shanshera. Masu shi sun saɓa a kan rabon hannun jari, magana ta je kotu. Wani Alhaji daga Kano ya zo da niyyar saye, ya tambayi lauya yaushe za a gama. Lauya ya ce, “Alhaji, an dai ɗage zama.” Ya shiga motarsa ya koma.

Ban ga laifinsa ba. Ɗan kasuwa yana iya lissafa asara, ya san abin da fari ko ambaliyar kogin Kwara za su ci masa. Mu da muka ga rufe iyaka a watan Agustan 2019 mun san haka. Amma shari'ar da ba ta da ranar ƙarewa ba ta shiga lissafi, kuɗin ruwan banki kuwa ba ya jiran alƙali.

Abin bai tsaya kan ƙananan masana'antu ba. Gwamnatin tarayya ta soke yarjejeniyarta da kamfanin Global Steel a kan masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a 2008. Sai a 2022 aka sasanta, Najeriya ta amince ta biya dala miliyan 496. Shekara 14 ke nan, kuma wane mai hankali ne zai sa kuɗinsa a gonar da ake jayayya a kanta?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mun san maganin. Sashe na 285 na tsarin mulki ya ba kotun ƙararrakin zaɓe kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. Da kujerarsu ta shiga haɗari, 'yan siyasa suka yanka wa'adi, alƙalai kuma suna cika shi, ko da za su kai dare suna zama. Mai masana'antar da ke ciyar da magidanta da yawa shi aka bari da “sai wata mai zuwa”.

Tsallaken Lolo da Tsamiya, Jamhuriyar Benin tana da kotun kasuwanci ta musamman a Kwatano, kuma tana cikin OHADA, tsarin dokar kasuwanci na bai ɗaya da aka ƙulla a 1993. Ba na cewa can aljanna ce. Amma mai jarin da ke zaɓe tsakanin Segbana ta Benin da Bagudo yana duba irin wannan.

Jiharmu Kebbi ta jawo masana'antun casar shinkafa na Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu da albarkar shinkafarta. In ana son irinsu su iso bakin iyaka, Babban Jojin jiha ya ware alƙalan da aikinsu shari'ar kasuwanci kawai, a sa wa'adi a ƙa'idojin kotu, a kuma hukunta lauyan da ke neman ɗage zama babu dalili. Ɗan majalisarmu na jiha, muna jiran mu ji ka ta da maganar a zauren Birnin Kebbi.