Kada Mu Bari Tsofaffin Land Rover Su Ƙare a Tukunya

Duk wanda ya leƙa bayan garejin kanikawa a Damagaram zai iya cin karo da tsohuwar Land Rover, wadda iyayenmu ke kira Landiroba, tayoyi sun nutse cikin rairayi, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Ƙarshenta sananne ne: 'yan gwangwan su saya a kilo, a narkar da jikinta a yi tukwane. Ni a ganina, kamata ya yi makarantunmu su riga su saye.

Motar nan talauci ne ya haife ta. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙarfe ya yi wuya a Ingila, gwamnati na rabon shi ga kamfanonin da ke sayar da kaya ƙasashen waje. Maurice Wilks, babban injiniyan kamfanin Rover, yana aiki da tsohuwar Jeep ta sojan Amurka a gonarsa, sai ya ga ai su ma za su iya ƙera irinta domin manoma. A watan Afrilu na 1948 aka baje ta a Amsterdam. Tunda babu ƙarfe, sai aka yi jikinta da sanholo, aka bar shi fale-fale ba lanƙwasa, don kada a kashe kuɗi wajen injinan matse bodi. Shasin kuwa fallayen ƙarfe ne aka yi musu walda suka zama kamar tsani. Injinta na farko lita 1.6 ne, ƙarfinsa wajen doki 50, wanda ƙananan motocin yau sun fi shi. Amma tana jan ƙafa huɗu, tana da ƙaramar giya ta fita daga rairayi, har ana iya haɗa ta da injin gona ta juya shi.

To, malamin kimiyya, me kake nema da babu a nan? Muna zana wa yara fistin a allo, muna cewa su haddace matakai huɗu na inji: shan iska da mai, matsewa, fashewa, fitar da hayaƙi. Suna haddacewa, su rubuta a jarrabawa, su manta kafin hutu ya ƙare. Yaron da ya juya injin da hannunsa, ya ga bawul na buɗewa yana rufewa, ba ya buƙatar hadda. Ƙaramar giya darasin lissafi ce: ƙirga haƙora, ka gane dalilin da ya sa gudu ke raguwa ƙarfi na ƙaruwa. Inda sanholo ya haɗu da ƙarfe za ka ga farin gari yana cin jikin, ga darasin sinadarai a fili. Motar zamani ba ta ba da wannan damar, domin komai nata a rufe yake cikin akwatin kwamfuta.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: ban kai ɗana lakwal don ya zama bakanike ba. Wannan tunani shi ya sa muke tura yaro gareji sai bayan ya faɗi jarrabawa, kamar horo. Alhali bakaniken da ke sauraron ƙarar inji ya gaya maka inda ciwon yake, yana yin abin da muke ta fama mu koyar, wato lura, zato, gwaji. Abin da ya rasa shi ne lissafin da ke bayan aikin, mu kuma hannu muka rasa. Kafin su ma, maƙeran Damagaram sun ƙera bindigogi manya tun zamanin Sarki Tanimun, ba wanda ya ce musu ƙasƙanci ne.

Akwai mai cewa fasahar ta tsufa, ita kanta Ingila ta daina ƙera wannan samfurin a Janairun 2016, Toyota kuma ta daɗe da ƙwace hanyoyin Agadas da Diffa. Gaskiya ne. Sai dai fistin da giya da birki suna nan cikin baburan kabu-kabu, fistin kuma yana nan cikin injinan ban ruwa na lambunan Mirriya.

Abin da ake buƙata bai da yawa. Ƙungiyar iyayen yara ta sayi matacciyar mota ɗaya, a zubar da mai da ruwan batir, a ɗora ta kan duwatsu a inuwa. A nemi tsohon bakanike na unguwa ya zo sau ɗaya a mako, a biya shi haƙƙinsa, kuma a sa 'yan mata a layin gaba, a miƙa musu sifana kamar kowa.