Bargon ƙyallaye na maza: Ba dole sai baƙi da ruwan ƙasa ba

A Amurka akwai tsohuwar al'ada ta tara ragowar yadi da tsofaffin kaya, a yayyanka su, a harhaɗa, a ɗinka bargo. Bargon hawa uku ne: fuskar da aka yi da ƙyallaye, auduga a tsakiya, sai yadin baya. Mata ne suka fi yin sa, kuma bargo ɗaya kan ci makonni, wani lokaci har watanni.

Sai dai da zarar an ce na miji ne, ko na ɗa, ko na jika namiji, sai hannu ya fara rawa. A ture duk wani ƙyalle mai fure, a ture ja da ruwan hoda, a tattaro baƙi da ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu. Idan na yaro ne kuwa, sai a nemo yadi mai hoton mota ko ƙwallo ko jirgin sama.

Wannan tsoro ya ɓata barguna da yawa. Ana gamawa sai a ga abu ya yi duhu ɗungurungum, zanen da aka sha wahalar shiryawa ya ɓace. Wanda aka yi wa ya karɓa ya yi godiya, ya linke ya jefa can ƙasan akwati. Aikin wata uku ya tafi a banza.

Wa ya raba wa maza launi?

Dokar da ke cewa shuɗi na maza ne, ruwan hoda na mata, ba ta daɗe ba ko a Amurkan. A shekarar 1918 wata mujallar 'yan kasuwar kayan jarirai a ƙasar ta rubuta akasin haka: ruwan hoda ya fi dacewa da yaro saboda ƙarfinsa, shuɗi kuma da yarinya. Masaniyar tarihin tufafi Jo Paoletti ta bi diddigin lamarin a littafin da ta fitar a 2012, ta nuna cewa rabon da aka sani yanzu bai kafu ba sai can cikin ƙarni na 20, kuma masu sayar da kaya suna da hannu dumu-dumu a ciki.

Duk wanda ya taɓa zuwa filin idi a Kano ko Zinder ya san wannan doka ba ta zagaye duniya ba. Magidanci ya saka shadda ruwan hoda ko ruwan ɗorawa, ya ɗora hula mai launi biyar, babu mai ce masa uffan.

Su kansu kayan faci-faci ba baƙon abu ba ne a jikin maza. Ansar, mabiyan Mahdi Muhammad Ahmad a Sudan, jibba mai faci suka riƙa sakawa a shekarun 1880 da 1890, alamar gudun duniya, kuma daga baya facin ya zama na ado, da ja da shuɗi da sauran launuka a kan farin yadi. A Senegal har gobe 'yan Baye Fall, mabiyan Sheikh Ibra Fall, da riguna masu haɗe-haɗen ƙyallaye kala-kala aka san su.

Darasin Gee's Bend

Misali mafi ƙarfi yana jihar Alabama. Gee's Bend ƙauye ne na baƙaƙen fata, jikokin bayi, a wani lungu da kogin Alabama ya kusa kewayewa. Talauci ya sa matan ƙauyen suka riƙa ɗinka barguna da abin da ke hannu, musamman tsofaffin wandunan jins da rigunan gona na mazajensu.

A 1942, bayan rasuwar mijinta Nathaniel, wata mata mai suna Missouri Pettway ta tattara kayan aikinsa ta yi bargo da su. Ba ta je kanti neman launin maza ba. Rana da zufa da wanki sun riga sun yi aikin.

A 2002 aka baje kolin bargunan ƙauyen a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga nan aka kai su gidan Whitney a New York. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan goma daga cikinsu a kan sarki.

Abin da ya ɗaga waɗannan barguna shi ne an yi su ne da mutum guda a zuciya, kuma akwai haske da duhu a cikinsu.

Haske da duhu sun fi launi

Gogaggun masu wannan ɗinki sun san cewa ido yana fara ganin bambancin haske da duhu kafin ya ga launi. Tsarin nan da ake yi wa laƙabi da gidan katako ya isa shaida: ana sa ɗan ƙaramin ƙyalle a tsakiya, galibi ja, a jera masu haske a gefe ɗaya, masu duhu a ɗaya gefen. Idan duk ƙyallayen masu duhu ne, babu zanen da zai fito.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. A shimfiɗa ƙyallayen a ƙasa, a ɗauki hoto da waya, a mayar da shi baƙi da fari. Idan komai ya koma toka iri ɗaya, akwai gyara. A kasa su kashi uku, masu haske da matsakaita da masu duhu, a tabbata kowane kashi ya samu wuri.

Haka girman zane. Idan an haɗa mai manyan zane da mai ratsi-ratsi da mai ɗigo-ɗigo da wanda ba shi da zane sam, ido zai samu wurin hutawa. Shi kuwa furen da ake gudu, in aka yanka yadin inci biyu-biyu, ba a ƙara ganin fure, sai launi kawai.

Abu biyu ne suka cancanci tsoro na gaskiya. Na farko zuba: jan yadi da mai rinin baba suna iya ɓata farin da ke kusa da su, don haka a wanke su tun kafin a yanka. Na biyu nauyi: jins mai kauri idan ya haɗu da yadin riga mai laushi, mai laushin ne zai fara yagewa a bakin ɗinki.

Yaro ba ya tsayawa a shekara biyar

Yadi mai hoton mota yana faranta ran yaro yau. Amma bargo mai kyau yakan shekara ashirin ko fiye, shi kuwa yaro nan da shekara uku ya fara jin kunyar abokansa su ga motocin a gadonsa. Dabara ita ce a kai irin wannan yadi baya, ko a sa shi a gida biyu ko uku kawai, a bar fuskar da launukan da za su girma tare da shi.

Inda masu taka-tsantsan suke da gaskiya

Ba a ce a tilasta wa kowa ba. Akwai namijin da ba ya son fure ko kaɗan, kuma kyauta ba wurin koya wa mutum darasi ba ce. Akwai kuma masu ɗinka wa wanda ba su sani ba. Ƙungiyar Project Linus, da aka kafa a 1995, tana raba barguna ga yaran da ke fama da ciwo ko wata masifa. Ita kuma Quilts of Valor, da Catherine Roberts ta kafa a 2003, sojoji da tsofaffin sojoji take yi wa, kuma ja da fari da shuɗi na tutar ƙasar ne suka fi yawa a bargunanta. A irin wannan hali, zaɓen abin da yawancin mutane za su karɓa hikima ce.

Amma yawancin barguna na 'yan gida ne. Matar da ta shekara talatin da mutum ta san rigar da ya fi sakawa, ta san launin ƙungiyar ƙwallonsa, ta san hular da ba ya rabuwa da ita. Barin wannan sani a bi abin da kanti ya ce na maza ne, kamar barin jaki ne a daki taiki.

Akwai kuma batun asara. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2018 kaɗai an binne tan miliyan 11.3 na yadi da tufafi a juji. Asalin bargon ƙyallaye shi ne kada komai ya salwanta. Wanda ya zubar da rabin buhun ƙyallayensa don wai na mata ne, ya tafi kanti ya sayo sabon ruwan ƙasa, ya kauce wa manufar tun daga tushe.

Kafin a ɗauki almakashi, a buɗe akwatin kayan mutumin a duba. Rigar da ta koɗe a wuyansa, da wadda ya saka ranar sunan ɗansa na fari, su ne za su faɗi launin bargonsa.