Zuwa Ga Kanikawan Rogo Da Ƙaraye: A Karanta Lambar Inji Kafin A Ɗaura Shi

Ya ku iyayena masu gareji da 'yan'uwana kanikawa na Rogo Sabon Gari, da na Rogo Ruma, Zarewa, Fulatan, har zuwa cikin garin Ƙaraye. 

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, wadda ake yawan ji a bakin gareji ranar da aka kawo inji daga Kano: "Ai ya shiga." Notika sun hau, giyabos ya kama, an murza makulli ya tashi, sai kowa ya kama gabansa. To amma wane inji ne ya shiga? Wanda mai mota ya biya kuɗinsa, ko ɗan'uwansa mai kama da shi? Mai a-kori-kura ba zai san amsa ba sai ranar da ya yi lodin masara ko waken suya ya nufi Dawanau, ko ya ɗauki rake zuwa Maƙarfi, ya ji motar da ya sani tana nishi a hawan da a da take wucewa da giya ta uku. Lokacin kuwa garantin 'yan kwanakin da dila ya bayar ya ƙare, kuma sunan da zai ambata cikin ɓacin rai naku ne, don ku ya sani, bai san mai shago ba.

Dattawan cikinku sun koyi aiki a kan Fijo 404 da 504, waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe shi a 1975. Injinan wancan zamani suna da haƙuri. Kafireta ce da 'yan wayoyi, ka cire mai 1796cc ka ɗora mai 1971cc, ka daidaita wuta, mota ta kama hanya. A nan aka gaji tunanin cewa duk abin da ya zauna a kan mawuntin ya yi. Hilux ɗin da ta cika hanyoyinmu yanzu ba ta yarda da wannan sakaci.

Ku dubi dangin injinan Toyota da kuke taɓawa kullum. A na fetur, 2RZ lita 2.4 ne, 3RZ kuma 2.7. Daga baya aka shigo da 1TR mai lita 2.0 da 2TR mai lita 2.7, kuma idan aka ajiye su a ƙasa gefe da gefe, an wanke su da fetur an goge, ko tsohon bakanike sai ya sunkuya kafin ya bambance su. A na man gas, 2L lita 2.4 ne, 3L 2.8, 5L 3.0, dukkansu ƙira ɗaya. Haka 2KD mai 2.5 da 1KD mai 3.0. Kama da wane ba ta wane. Tsakanin 1TR da 2TR akwai kusan 700cc, kuma a motar da abincinta lodi ne, wannan gibin ba ƙarami ba ne. Direba zai riƙa danne totur don ya cike shi, mai ya ƙone, inji ya yi zafi, kulochi ya cinye kafin lokacinsa.

Saboda haka aikin yana farawa ne tun kafin a tafi kasuwa, a jikin motar da injinta ya buga. Akwai ɗan faranti da kamfani ya manna, ko a cikin bonet ko a ginshiƙin ƙofa, wanda ke ɗauke da samfurin motar da sunan injinta. Haruffan farko na samfurin ma suna ba da labari: RZN na nufin dangin RZ, TGN dangin TR, KUN dangin KD, LN ko LAN kuma dangin L. Sai dai haruffan dangi kawai suke nunawa, don haka a karanta layin da aka rubuta sunan injin a cike. KUN25, alal misali, 2KD take ɗauka, KUN26 kuma 1KD. A haɗa da lambar shasi, wadda a motocin zamani haruffa da lambobi 17 ce, a kuma duba lambar da ke jikin tsohon injin, a gwada ta da ta takardun mota. Sau da yawa a nan za ku gano cewa wani ya riga ku canza injin tun kafin motar ta zo hannun mai ita na yanzu. Gara a sani tun a gida a shaida masa.

A kasuwar Ƙofar Ruwa, ko Fanteka ta Kaduna ga masu bin ta can, kada a dogara da abin da aka rubuta da fenti ko alli a kan murfin inji. Murfi ana sauya shi cikin minti kaɗan. Shaidar da ke da nauyi ita ce lambar da aka buga a jikin bulo, a wani ɗan fili mai santsi da aka tanada dominta. A Toyota sunan injin ne ke fara zuwa, sannan jerin lambobi su biyo baya. A goge wurin da tsumma da ɗan fetur, a haska fitilar waya, a karanta da baki yaron shago yana ji. A ɗauki hoto a tura wa mai mota ta WhatsApp kafin kuɗi su fita daga aljihu. In wurin lungu ne, a ɗora farar takarda a goga fensir, lambar za ta fito.

Ku tsaya ku kalli filin nan da kyau. Lambar kamfani tana zuwa a jere, zurfinta ɗaya, tazararta ɗaya. In kun ga sawun giranda, ko filin ya lotsa fiye da kewayensa, ko wata lamba ta karkace, ko an shafa sabon fenti daidai wurin, ku ajiye shi ko da rabin kuɗi aka ce ku biya. Ko dai an mai da ƙaramin inji babba a rubuce, ko kuma injin na sata ne, kuma duk ranar da maganar ta kai ofishin 'yan sanda, wanda ya ɗaura shi yana cikin waɗanda za a fara nema.

Ga masu shakka a kan injin fetur, akwai gwajin da ba ya buƙatar na'ura. A cire filogi ɗaya, a zura tsaftataccen siririn ƙarfe har ya taɓa kan fistin, a juya kiranshaf da hannu a hankali. A yi alama sa'ad da fistin ya sauka ƙasa ƙarshe, a sake yi sa'ad da ya hau sama ƙarshe, a auna tsakani. A 2TR da 3RZ tafiyar fistin milimita 95 ce, a 1TR da 2RZ kuma 86. Milimita tara ba ta ɓuya ko a rular 'yan makaranta. Wannan dabara ba ta aiki a dangin L, domin 3L da 5L tafiyar fistinsu ɗaya ce, milimita 96, a faɗin silinda suka bambanta. A can lambar bulo ce kaɗai madogara, sai fa in an buɗe tof silinda.

Ko sunan ya dace, da sauran aiki. Injin 2TR da aka ciro daga Hiace da wanda aka ciro daga Hilux suna ɗaya ne, amma kaskon baƙin mai, da bututun da ke zuƙo man, da manifol, da mawuntin na iya bambanta. Kaskon mota mai jan ƙafa huɗu ba lallai ya zama irin na mai jan biyu ba, saboda aksul ɗin gaba. Injin da ya fito daga mota mai giyar otomatik ba ya zuwa da fulawil ɗin da kulochi zai kama. Duk waɗannan ana ɗebo su daga tsohon injin, kuma shi ya sa bai kamata a bar shi ya bar gareji ba sai an gama aiki. Sannan daga wajen 2015 Toyota ta ƙara wa 2TR na'urar sarrafa bawul a ɓangaren salansa, bayan ta ɓangaren shigar iska da yake da ita tun asali. Wayarin da birenbos na tsohuwar mota ba su san da ita ba. In kun ga soket ya yi saura babu inda za a cusa shi, kada a naɗe shi da salatif a tura bayan inji. Fitilar gargaɗi za ta kama, kuma cire ƙwan fitilar, kamar yadda wasu ke yi, ha'inci ne tsagwaronsa.

Batun ko injin ɗan Beljiyam ne na gaske ko an buɗe shi a gida an yi masa ringi an rufe, kun fi ni sani. Sawun sifana a kan notikan tof silinda, da gam da ya tsattsafo a gefen kasko, da gaskit sabo fil a jikin tsohon inji, duk suna magana. A buɗe murfin mai a leƙa, a duba filogi huɗun ko launinsu ɗaya. Wanda ke da geji ya auna kwamfireshan, kuma in silinda ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, a nemi wani. Injin da aka gyara a gida ba laifi ba ne, wani ma ya fi na waje lafiya. A dai sayar da shi da sunansa da kuɗinsa.

Yanzu ga wurin da nake roƙon ku yi mini uzuri. Kowa ya san bakanike yana samun ɗan kamasho a hannun dila idan ya kai ciniki. Ban ce haramun ba ne, wannan na malamai ne. Abin da na gani shi ne, wanda ya karɓi na goro a shago yakan ji nauyin mayar da kaya. Sai ya dawo Rogo da abin da ya san ba shi aka aike shi ba, yana lallashin kansa da cewa ai zai yi aiki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma darajar naira ta faɗi, kuɗin inji ya zama abin da mutum ke sayar da shanu ko amfanin gonar shekara kafin ya haɗa. Wanda ya miƙa muku irin wannan kuɗi ya wakilta ku ne ku gani a madadinsa. Ya fi kyau ku yanka ladan tafiyarku a fili, kuɗin mota da na wuni da na ƙwarewa, ya biya da saninsa, ku shiga kasuwa ba wanda ke da bakinku. In kuma kuɗinsa ba su kai na 2TR ba, ku gaya masa ga abin da za su iya saya, ga kuma lodin da zai rage. Ɗora wani inji daban da yardar mai mota sana'a ce, har da gwaninta a ciki. Ɓoye masa ne algus. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala, sun yi bayanin haƙƙin mai saye na mayar da kayan da aka ɓoye aibinsa, kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ma ta ba shi damar mayar da abin da bai dace da yadda aka siffanta masa ba. Amma a gaban alƙali ko shugabannin kasuwa, hujjar da ke hannu ake tambaya.

Hujjar nan ita ce rasit, kuma rasit ɗin da aka rubuta "inji ɗaya" kawai ba shi da amfani. A sa mai shago ya rubuta sunan injin, da cikakkiyar lambar bulo, da kwanan wata, da kwanakin garanti. Ku nemi a rubuta cewa garantin zai fara ne daga ranar da aka tayar da injin, ko a ƙara kwanaki saboda nisa. Mai gareji a cikin birni yana iya ɗaurawa a yau ya mayar gobe. Ku kuwa sai an nemi motar da za ta kawo shi, a sauke, a jira mai wayarin, watakila ranar kasuwa ta ratsa, kwanakin sun tafi inji yana ƙasa. Idan ya iso, a sake karanta lambar a gaban mai mota kafin a ɗaga shi da sarƙa, don a tabbata wanda aka zaɓa ne aka loda.

Kada kuma a manta da abin da ya kashe tsohon injin. In lagireto ya toshe da ruwan rijiya da laka, sabon ma zai bi sawu. A wanke shi ko a canza, a mayar da tamostat maimakon jefar da shi, a sa sabon bel ɗin tayimin a injinan L da KD tun suna ƙasa, a zuba sabon mai da sabuwar filta. Bayan an tayar, a gwada motar da lodi a kan hanya mai hawa, da direbanta a ciki, don shi ya san yadda take ja a da.

Saura takardu. Lasisin mota yana ɗauke da lambar inji, kuma daga ranar da kuka canza shi takardar ta daina faɗin gaskiya. Motocinmu suna tsallaka iyakar Kaduna da Katsina kusan kullum, suna haɗuwa da jami'an VIO da na hukumar kiyaye haɗurra da 'yan sanda. Ku shaida wa mai mota ya kai rasit ofishin lasisi a gyara, ya kuma ajiye kwafi a motar. Tsohon injin nasa ne, a ba shi abinsa, ko a yi cinikinsa a fili a cire daga kuɗin aiki.

Ga shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA a ƙananan hukumomin nan biyu, ina da roƙo ɗaya: kowane gareji ya ajiye littafi na musamman don canjin inji. Lambar mota, lambar tsohon inji, lambar sabo, shagon da aka saya, da sa hannun mai mota. A ɗora wa yaron da ya fi iya rubutu alhakinsa, maigida kuma ya duba kafin mota ta fita.

Wassalam. Ɗan'uwanku, mai kawo muku gyara.