Sharhi: Na'urar warkar da gyambo da igiyar sauti, shin ita ce mafita ga dattawan Madaoua, Bouza da Keita?

A gundumomin Madaoua, Bouza da Keita na jihar Tahoua, ba baƙon abu ba ne a ga dattijo zaune a ƙofar gida da ƙafa naɗe da tsumma. Ciwon da ya fara da sukar ƙaya ko ɗan yanka a gonar albasa sai ya zama gyambo, ya shafe watanni bai rufe ba. Galibi 'ya'yan da ke cirani a Abidjan, Legas ko Libiya ne ke biyan kuɗin magani, kuma su ne ke cin karo da tallan wata na'ura a intanet da aka ce tana warkar da irin wannan miki.

Na'urar tana harba igiyoyin sauti masu ƙarfi cikin naman da ke kewaye da gyambon, ba tare da tiyata ba. Manufar ita ce a zaburar da jiki ya fitar da sababbin ƙananan jijiyoyin jini, domin sabon nama ya tsiro. Fasahar ba sabuwa ba ce. A 1980 aka fara amfani da ita a birnin Munich na Jamus wajen farfasa tsakuwar ƙoda, daga baya aka gwada ta a kan ƙashi da miki.

A watan Disamban 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na'urar dermaPACE don gyambon ƙafar masu ciwon suga. An yi gwajin ne a kan mutum 336. Bayan mako 24, mikin kashi 44 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin ya rufe, yayin da a ɓangaren waɗanda aka yi wa aikin bogi don kwatantawa aka samu kashi 30.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Izinin ya shafi mikin da bai wuce murabba'in santimita 16 ba, wanda kuma bai kai ga ƙashi ba, sannan dole a haɗa da kulawar da aka saba. Hasali ma, ƙa'idojin 2023 na kwamitin ƙwararru na duniya kan ƙafar masu ciwon suga, IWGDF, ba su goyi bayan amfani da irin waɗannan na'urori ba, saboda hujjojin ba su yi ƙarfi ba.

A nan batun ya shafi Tahoua. Sau da yawa tsohon ƙauye ba ya isa asibitin gunduma, asibitin Galmi ko babban asibitin jiha sai mikin ya faɗaɗa ya yi ruwa, bayan an gwada garin magani da toka a gida. Wanda ya kai wannan mataki, ko na'urar na kusa, ya wuce sharuɗɗanta.

Abin da ke ceton ƙafa sananne ne: auna sukarin jini da daidaita shi, kankare mataccen nama, wanki da sauya bandeji a kan kari, maganin kashe ƙwayoyin cuta idan mikin ya harbu, hana taka wurin da ke ciwo, da duba ko jini na isa ƙafar. Ciwon suga kan kashe jijiyoyin ƙafa, shi ya sa dattijo zai taka ƙaya bai ji zafi ba, kuma rashin zafin ke sa a yi sakaci.

Akwai kuma batun kuɗi. Tsarin magani kyauta da Nijar ta ɓullo da shi a 2006 ya fi karkata ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu juna biyu. Ragin kashi 50 na kuɗin jinya a asibitocin gwamnati, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Satumban 2024, ya kawo sauƙi. Amma gyambo ba jinyar yini ɗaya ba ce, kuma kuɗin mota ko kabu-kabu daga ƙauye zuwa wankin miki sau da yawa a mako na nan a wuyan iyali.

Don haka ɗan ciranin da ke shirin tura kuɗi, tambayar farko ba ta na'ura ba ce. An auna sukarin tsoho? Wa ke wanke masa mikin, kuma sau nawa? Yana da takalmi mai rufi? Idan ƙafa ta fara wari, ta yi baƙi, ko zazzaɓi ya shigo, ranar ya kamata a kai shi asibiti, domin jinkirin 'yan kwanaki na iya kai wa ga yanke ƙafa.