Wanda Ya Ci Ladan Kuturu

A shekarar 2010 gubar dalma ta halaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, sanadin daka duwatsun zinariya a tsakar gida. Garin Bagega kuwa sai 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa, don jiran kuɗin gwamnatin tarayya.

To, alhakin wane ne? A ganina, ba na talaka mai neman abin kai wa baka ba ne. Dokar ma'adinai ta 2007 ta mallaka wa gwamnatin tarayya arzikin ƙarƙashin ƙasa, dillalai kuma ke kwashe riba. Su suka ci ladan kuturu, su ya wajaba su yi masa aski. Mu mutanen Bena, maƙwabtan Zamfara, mu nemi a ɗora musu wannan nauyi tun kafin guba ta iso mu.