Ƙanƙarar tsaunuka na cin uwar kuɗi

Kowace mace mai sana'a ta san dokar kasuwa: a ci riba, a bar uwar kuɗi. To, ƙanƙarar da ke kan manyan tsaunukan duniya ta daɗe tana bin wannan doka. Lokacin sanyi dusar ƙanƙara ta zuba, ta taru, ta daskare. Lokacin zafi kaɗan ya narke, ya gangara cikin koguna. Abin da ya shiga da abin da ya fita suna daidaita.

Yanzu lissafin ya rikice. Hayaƙin man fetur, gawayin ƙasa da iskar gas da masana'antu da motoci ke fitarwa yana riƙe zafi a sararin sama. Zafin yana daɗewa, a wurare da dama ruwan sama ke sauka maimakon dusa, kuma baƙin toka da ke sauka kan ƙanƙara yana jawo zafin rana. Abin da ke narkewa ya fi abin da ke taruwa. Ana cin uwar kuɗi ke nan.

A ƙasar Suwis, ƙanƙarar tsaunuka ta rasa kashi 10 cikin 100 a shekaru biyu kacal, 2022 da 2023. A tsaunukan Himalaya, cibiyar bincike ta ICIMOD ta bayyana a 2023 cewa narkewar ta ƙaru da kashi 65 cikin 100 tsakanin 2011 da 2020, in aka kwatanta da shekaru goma na baya.

Mene ne ruwanmu? Mu dubi buhunan shinkafar Pakistan da ke shigowa kasuwanninmu. Gonakin da ake noma ta suna shan ruwan kogin Indus, wanda ke samun kaso mai yawa daga ƙanƙara da dusar tsaunuka. Da farko ruwan zai yi yawa: a 2022 mamakon ruwan sama ya haɗu da narkewar ƙanƙara, ambaliya ta shafi mutum miliyan 33 a Pakistan, ta lalata gonakin shinkafa. Daga baya, idan ƙanƙarar ta ragu sosai, ruwan rani zai ja baya.

A ganinmu, wannan dalili ne na ƙarfafa noman shinkafar gida a bakin kogin Kwara, kamar a Gaya da Tillaberi, kuma mu ƴan kasuwa mu ba ta wuri a rumfunanmu tun kafin farashin ta waje ya tilasta mu.