Gefen hanya na kowa ne

Maganarmu ta yau a kan dirka ce, da turke, da sandar waya, waɗanda ake kafawa a gefen hanya. Abu ne ƙanƙane a ido, amma yana da nauyi ga zaman gari.

Duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Kore Mairuwa, ta shiga Dogon Dutsi kafin ta nufi Birnin Ƙonni, ya ga yadda bakin kwalta ke cika a garuruwanmu na Arewa. Mai shayi ya kafa dirkokin rumfarsa, mai shago ya kafa allon talla, wani kuma ya buga turke ya ɗaure jakinsa. Kowannensu neman abinci yake yi, ba mu musa ba. Amma idan gefe ya toshe, tilas mai tafiya a ƙasa ya hau kwalta, ya yi gogayya da manyan motoci. Makaho, da tsoho, da yaro ɗan lakwal, su ne na farko da abin ke cutarwa.

Akwai kuma maganar damina. Dogon Dutsi yana gindin duwatsu ne, ruwa kuwa daga tudu yake gangarowa da ƙarfi. Dirka guda da aka kafa a magudana tana tare shara da yashi, sai ruwa ya sake hanya ya faɗa gidajen laka.

To, me doka ta ce? Hanya da gefenta dukiyar jama'a ce. Ba a sayar da ita, kuma daɗewa a kanta ba ta mayar da ita ta mutum, ko ya shekara talatin. Dokar ƙananan hukumomi ta shekarar 2010 ta ɗora wa hukumar gari nauyin kula da hanyoyin cikin gari da lafiyar masu binsu. Saboda haka wanda ke son ya kafa wani abu a wurin sai ya nemi izini. Izinin nan aro ne, ba kyauta ba: ranar da amfanin jama'a ya taso, hukuma na da ikon janye shi. Kuɗin wuri da ɗan kasuwa ke biya ba kuɗin sayen fili ba ne.

Mun ga abin da sakaci ya haifar a Yamai. An yi shekaru ana ƙyale rumfuna da shaguna a bakin hanyoyi, sai a shekarar 2016 aka shiga rushe su, mutane da yawa suka wayi gari babu wurin sana'a. Da tun farko an hana, da hasarar ba ta kai haka ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan darasi ya fi shafar Tibiri, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011. Garin da ke cikin bunƙasa yana da damar shata hanyoyinsa kafin gine-gine su cinye su. Haka Gesheme da Dumega, haka Matankari da Ceshe.

Abu uku muke roƙon hukumomin gari. Na farko, a shata iyakar hanya da alama bayyananniya, a sanar da jama'a da harshen da suke ji, ta rediyo da bakin masu unguwanni. Na biyu, doka ta zama ɗaya ga kowa: kamfanin wuta na Nijelek da kamfanonin waya su ma su shawarci hukuma kafin su haƙa ramin sanda, kamar yadda ake bukata ga mai tsire. Na uku, duk wanda aka tayar a nuna masa inda zai koma, duk wanda ya biya kuma a ba shi takardar shaida.

Tun watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun garuruwa, aka naɗa shugabannin riƙo. Nauyin bai sauka ba, kafaɗa ce ya sake. Ku kuma da kuka yi yaƙi da jahilci, ku karanta wa maƙwabtanku wannan, ku tambayi hukuma kafin ku ɗauki dagi.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kiyaye masu tafiya.